Sada da Gashin Ramin Fagam

A zamanin da fatake ba sa ratsa dajin kudancin Kano sai a ayari saboda tsoron mahara, an yi wani mahauci a Birnin Kudu mai suna Sada. Tsirensa ya yi suna ƙwarai. Ran kasuwa, tun kafin azahar, mutane sun zagaye tukubarsa, shi kuwa yana juya tsinkaye yana yayyafa man gyaɗa, ƙamshin ƙuli da citta na tashi har rumfar 'yan koli.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, taubashinsa Ɗan'azumi, wani falke mai safarar kanwa, ya sauka a tukubar. Ya cinye tsinke ya lashe yatsa, ya ƙara wani, sannan ya yi gyatsa ya ce, "Ba laifi, kana ƙoƙari."

Sada ya tsaya da mafici a hannu. "Ƙoƙari? Kai da ka kusa haɗiye tsinken?"

"Ai ban ce babu daɗi ba. Amma akwai wani tsoho a Fagam, Ɗan'auta ake kiransa. Ranar da na ci namansa sai da na manta jakunana a bakin hanya. Kuma wallahi ban ga wuta ba, ban ga tsinke ba."

"Nama ba wuta? To da rana yake gasawa?"

"Zo mu je ka gani, in kana da ƙafa."

Maganar nan ta hana Sada sakat. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Batulu, ta yi dariya ta ce, "Kai dai je ka, in ba haka ba kunnena ba zai huta ba." Ta daka masa yajinsa, ta cika ƙaramar jakar fata. Da ayarin Ɗan'azumi ya tashi, Sada na cikinsa, wuƙaƙensa a ɗamara.

Tafiyar ta zama ta cin nama. Duk inda hayaƙi ya tashi, sai su ratse. A Sundimina suka tarar da mai tsire da ke shafa wa namansa man shanu maimakon man gyaɗa, yajin kuma kaɗan. Sada ya tauna a hankali ya ce, "Akwai taushi, amma kamar an yi magana ba a ƙarasa ba." Mai tsiren ya ce ai mutanen Birnin Kudu ne suke binne nama a ƙuli har ba a san ko na akuya ne ko na jaki ba. Aka yi ta shewa.

A Gwaram kuwa balangu suka samu, manyan yanka da kitse a jiki, an yanyanka masa albasa, ana zuba masa romo. Ɗan'azumi ya ci har man ya gangaro masa a gwiwar hannu. Sada ya zagaya bayan mai gashin, yana tambaya wane itace yake ƙonawa, aka ce masa ƙirya. Ya yarda naman ya yi daɗi, amma ya ce barkonon ya yi gardama da yawa. Duk da haka sai da ya sa aka ƙunsa masa wani a ganye.

Suka isa Fagam da hantsi, Sada na gaba yana sauri kamar mai zuwa ɗaurin aurensa. Aka nuna musu gidan Ɗan'auta a gindin dutse. Suka same shi zaune a inuwar tsamiya, tsoho siriri, hannunsa na dama naɗe da tsumma ya kumbura suntum.

"Karkare ne ya kama ni," in ji tsohon bayan sun gaisa sun faɗa masa abin da ya kawo su. "Ga shi yau ana suna a gidan mai unguwa, an kawo mini rago, ko wuƙa ba na iya riƙewa. Kun yi tafiyar banza, 'ya'yana."

Sada ya dubi ragon da aka riga aka yanka yana rataye, ya dubi tsohon, sai ya matso. "Baba, ni mahauci ne, ɗan mahauci. Ga hannuwana. Kai ka faɗa, ni in yi."

Ɗan'auta ya ƙare masa kallo. "Za ka iya yin abin da aka ce, ko da ranka bai so ba?"

"Zan iya, Baba."

Nan take aiki ya kankama. A bayan gidan akwai rami mai zurfin ƙugu, an shimfiɗe gindinsa da duwatsu. Ɗan'azumi ya loda itacen marke aka cinna wuta. Sada ya feɗe ragon, ya gyara shi cikin ɗan lokaci, har tsohon ya gyaɗa kai. Aka kwaɓa gishiri da daddawa da kimba da ruwan tsamiya, Sada ya tsattsaga naman ya shafe shi ciki da waje. Hannunsa ya kai kan jakar yajinsa, sai tsohon ya daka masa tsawa.

"Ajiye! Ƙuli ba ya shiga ramina."

Da itacen ya cinye, duwatsun suka yi ja, aka kwashe rabin garwashin. Suka naɗe ragon da ɗanyen ganyen kalgo, ninki bisa ninki, suka zura shi ciki, suka rufa da wani ganyen, suka mai da garwashi, sannan suka tura ƙasa suka daddale.

"Shi ke nan?" in ji Sada.

"Shi ke nan. Sai la'asar."

Wannan jira shi ya fi komai wahalar da Sada. Mutumin da ya saba yana ganin namansa, yana juya shi, yana jin kukan mai a wuta, yau ga shi tsaye a kan tudun ƙasa. Ya durƙusa ya shinshina, bai ji komai ba. Ya kara kunne. Ɗan'azumi ya fashe da dariya ya ce, "Me ragon ya ce maka?"

Da zaman ya ishe shi, sai ya tattara hanta da ƙoda da guntayen da suka rage, ya fiƙe tsinkaye, ya tara toka ya yi 'yar tukuba da garwashin da aka kwashe. Ya kwance jakar Batulu. Kafin wani lokaci ƙamshi ya ratsa unguwa. Masu zuwa barka suka fara karkatowa, mata na leƙe ta kan danga, maroƙin sunan ma ya bar ƙofar mai unguwa ya dawo yana yi wa baƙo kirari. Ɗan'auta ya miƙa hannun hagu ya karɓi tsinke ɗaya. Ya ci, ya sake miƙo hannu.

"Wa ya daka wannan yajin?"

"Mai ɗakina, Baba."

"Allah ya yi mata albarka. Ba ni na hantar nan."

Bayan sallar la'asar tsohon ya dafa ƙasar ramin da tafinsa, ya ce a tone. Jama'a suka matso. Da fartanya ta ɗaga ganyen farko, wani tururi ya taso, wurin ya kaure da salati. Sada ya buɗe sauran ganyen. Ya kama ƙashin cinya don ya juya, sai ƙashin ya zaro fes, naman ya zauna. Ya ɗebi kaɗan ya kai baki. Ga tsamin tsamiya can ƙasa, ga daddawa, ga ƙamshin kalgo da hayaƙi, naman kuma na narkewa tun kafin haƙori ya taɓa shi.

"Ɗan'azumi!" ya yi ihu, bakinsa cike. "Ashe kana faɗin gaskiya wani lokacin!"

Aka ɗauki ragon a faifai zuwa gidan suna, ana guɗa. A can gardama ta ɓarke, wasu na cewa na rami, wasu na cewa tsiren baƙo, har mai unguwa ya ce duk wanda bakinsa ke da sararin magana bai samu rabo mai kyau ba ne.

Sada ya yi kwanaki a Fagam, yana gasa wa tsohon tsire, tsohon na koya masa yadda ake gane zafin dutse da yadda ake zaɓen ganye. Ranar da ayari zai juya, ya bar masa sauran yajin.

Da ya koma Birnin Kudu ya haƙa rami a bayan gidansa. Akuyar farko ta fito gawayi, Batulu ta yi dariya har da hawaye. Ta biyu ta fito da jini a gaɓoɓi. Sai da Babbar Sallah ta zo ya sa ragon layyarsa a ramin. Da aka tone, maƙwabta suka cika gidan ba tare da an gayyace su ba, kuma abin da ya rage wa masu gida wuya ne kawai da ƙafafu.