Yaye a Bahar Maliya

Kamfanin da Rafi'u yake wa aikin lura da sito a Madinar Masana'antu ya saba ba ma'aikacin da ya fi ƙwazo agogon bango. A bana aka yi sabon manaja mai son a ɗauke shi hoto yana kyauta, sai agogo ya rikiɗa ya zama tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, ɗakuna biyu, 'yan kwanaki a Bahar Maliya. Rafi'u ya kawo albishir gida a unguwar Bani Malik ta Jidda. Matarsa Zubaidatu ta yi murna, har ta je ta sayo wa ɗansu 'yar hular rana. Ɗaki na biyu kuwa, kafin a tambayi kowa an riga an ba Hajiya Khadijatu, mahaifiyar Rafi'u, wadda duk zamanta a Jidda ba a taɓa jin ta ce tana son ganin teku ba. Ko kifinsa ba ta ci.

Zubaidatu ta ɗauka rakiya ce. Sai a tasha, suna cikin layi, ta buɗe jakarta za ta ciro famfas, ta ga babu famfas, babu riguna, babu hular rana.

"Ina kayan yaron nan?" in ji ta.

Yaron nan take cewa, don ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mahaifin Rafi'u gare shi, Abdulghaffar. A kantin maganin da take aiki, Larabawa suna wuni suna kiran ta Ummu Abdulghaffar tana amsawa, amma a gaban dangin miji bakinta bai taɓa furta sunan ba. Haka kunya ta tsara, haka ta bi.

Rafi'u ya duƙufa yana karanta iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, kamar yau aka ba shi ita.

"Suna akwatin Hajiya," ya ce.

Hajiya tana tsaye gefe, ta saɓa yaron a kafaɗa. Ita ba ta ga abin ɓoye-ɓoye ba.

"Maigidana ɗakina zai kwana. Dube shi, haƙora cike da baki, yana gudu, yana ce wa mutane yalla, har yanzu yana maƙale da nono. Yaye za a yi. A gida kullum sai ki ce gobe. Nan kuwa ruwa ne gaba da baya, babu gidan uwarki da za ki ruga da shi."

"In an sauka fa, Hajiya?"

"In an sauka ya wuce Khumra wurina. Ɗan fari ai na kaka ne. Ranar Juma'a ki zo ki gan shi kamar kowa."

Zubaidatu ta dubi mijinta. Bai gama karatun iƙamar ba. Layi ya matsa, aka kwashe akwatuna, suka hau.

Jirgin ya fi unguwar su Zubaidatu tsafta, ya kuma fi ta yawan lif. Kafin a tashi aka busa ƙaho, aka tara fasinjoji a koya musu yadda za su tsira idan abu ya ɓaci. Kowa ya sa rigar ceto mai ruwan goro, manyan mutane suka koma kamar buhunan albasa. Wata ma'aikaciya mai suna Haifa ta duba zoben robar da aka ɗaura wa yaron a hannu, ta ce wurin taruwarsa ɗaya da na iyayensa, na Hajiya kuwa yana ɗaya gefen jirgin.

"Gaya mata jikana ne," in ji Hajiya.

Rafi'u ya gaya mata da Larabci. Haifa ta ce masha Allah, amma idan jirgi zai nutse, yaro kwalekwalen uwarsa zai shiga.

"To, ba laifi. Idan ya nutse ta zo ta karɓa." Hajiya ta miƙa wa Zubaidatu shi. "Aro ne."

Zubaidatu ta rungume shi ta saman rigar ceto. A duk jirgin ita kaɗai ce ta so a ƙara tsawaita bayanin yadda ake busa usur. Da aka gama, Hajiya ta ratso jama'a ta karɓi abinta.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakunan biyu, kuma waɗanda suka ƙera jirgin ba su yi shi don yaye ba. Da asuba Zubaidatu tana zaune kan sallaya tana jin muryar ɗanta ta dushe, tana kuma jin takun Hajiya, kai da kawo, tana jijjiga shi tana masa waƙa. Ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, gaban rigarta ya jiƙe. Rafi'u ya yi barci mai kyau. Ya ce iskar teku ce.

Dokar da Hajiya ta kafa ita ce kada yaro ya sa uwarsa a ido, don in ya gan ta aiki ya koma baya. Saboda haka shaƙatawar Zubaidatu ta zama ɓuya. In Hajiya tana wurin cin abinci, su suna shaguna. In ta hau bene na sama, su su sauko ƙasa su kalli wani mutum yana sassaƙa kankana ta zama fure. Rafi'u yana riƙe da waya yana bin diddigin mahaifiyarsa, da ƙwazon nan da ya ciyo masa tikitin.

Da hantsi suka tsaya a bakin ƙarfen da ya kewaye jirgin. Ya ce ta juyo ya ɗauke ta hoto.

"Ka sani tun a gida," ta ce.

"Ya bint, ke yarinya, yi murmushi mana. Dubi ruwan nan."

"Kai ka kwashe kayansa."

"Hajiya ce ta ce."

"Na san ba kifi ne ya ce ba. Maganar Khumra fa? Ita ma ka sani?"

"Khumra ai ba Sudan ba ce. In babu cunkoso, kafin ki gama shayi mun isa."

"Yaushe ka taɓa ganin babu cunkoso?"

"Ki bari mu sauka. In mun sauka zan zauna da ita, in lallaɓa ta."

"Ka zauna da ita kafin mu hau, ga abin da ya haifar."

"Halas, ya isa haka, Zubaida. Mutane na kallo."

Babu mai kallon su. Kowa yana ɗaukar kansa hoto.

Bayan azahar ta ce za ta je ɗaki ta kwanta. Rafi'u ya ji daɗi, ya tafi layin ice cream ɗin da ba a biya. Ita kuwa ta shiga lif, ta danna na sama.

A can benen sama akwai ɗan tafkin yara, ruwansa bai kai gwiwa ba. Hajiya tana ƙarƙashin rumfa, idanunta jajur don rashin barci. Ta samu abokiyar hira, wata Hajiya Maha, ita ma Bahaushiyar Gadarif ta Sudan kamar Hajiya, wadda 'ya'yanta suka kawo ta shan iska suka watse suka bar ta. Filas ɗin kunun gero yana kan tebur, cokali a gefe, rabin kunun a gaban abayar Hajiya. Yaron yana kwance a cinyarta. Ya daina kuka, sai ajiyar zuciya, leɓɓansa sun bushe.

Hajiya ce ta fara hango ta. Ta yi maza ta juyar da fuskar yaron wajen teku, ta ɗaga hannu tana korar ta kamar mai korar kaza.

Zubaidatu ba ta koru ba. Ta tsaya a ɗaya gefen tafkin, inda kowa zai ji ta.

"Abdulghaffar!"

Sunan ya fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. Wani Balarabe mai kwance da tawul a fuska ya ɗago, wataƙila shi ma sunansa ke nan. Yaron ya zame daga cinyar kakarsa, ya ratsa ta cikin tafkin da takalmansa, ya zo ya cusa kai tsakanin gwiwoyin uwarsa. Ta ɗauke shi a jiƙe, ta zagayo, ta ja kujera a teburin tsofaffin ta zauna. Ta rufa masa mayafi, ta ba shi nono. Sai ƙarar haɗiya kake ji.

Hajiya Maha ta ce, "La ilaha illallah," ta gyara zama, don tun da aka tashi daga Jidda ba ta ga abin kallo kamar wannan ba.

"Sunan wa kika kira?" in ji Hajiya Khadijatu.

"Sunan ɗana."

"Sunan mijina kika kira, gatsal, a gaban jama'a."

"Allah ya jiƙan Alhaji. Ba shi na kira ba. Wanda na kira ya amsa."

"Kin ji ko?" Hajiya ta juya ga ƙawarta. "Haihuwar Jidda ke nan. Hausar ma da kyar, balle kunya."

"Yaran yanzu sai addu'a," in ji Hajiya Maha. Ta leƙa ƙarƙashin mayafin. "Amma fa yana sha, masha Allah."

"Duk wahalar da na sha jiya kin zubar da ita."

"Ku gafarce ni, Hajiya, na san ba ku runtsa ba. Ni ma ban runtsa ba. Shi ma haka. Mutum ɗaya ne ya yi barci a cikinmu."

Kamar an kira shi, sai ga mutum ɗayan nan ya fito daga lif da ice cream biyu a hannu. Ya ga mahaifiyarsa, ya ga matarsa, ya ga ƙafafun ɗansa suna lilo a ƙarƙashin mayafi. Ya waiga, lif ya riga ya rufe.

"Babba, zo ka ga aikin matarka," in ji Hajiya.

Ya matso. "Zubaida, ba haka muka yi ba."

"Ba mu yi komai ba. Ku kuka yi." Ta koma kan surukarta, ta sassauta murya, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Zan yaye shi, Hajiya. Ni zan yaye shi, a ɗakina, lokacin da na ga ya yi. Kuma ba zai zauna Khumra ba. Ranar Juma'a zan kawo muku shi ya wuni, ya ɓata muku gida, in ɗauke shi da magariba."

"Ke kika fara haihuwa? Wannan da kike gani," ta nuna Rafi'u da haɓa, "yana fara tafiya uwar Alhaji ta zo ta ɗauke shi. Daga Gadarif har Kassala. Ban ce uffan ba. Sai da ya shiga makaranta na sake kwana gida ɗaya da shi. Ga ni, na mutu?"

"Ba ku mutu ba. Kun ji daɗi?"

Hajiya ta ɗauki cokalin kunu ta goge shi da gefen mayafi, duk da ba shi da sauran amfani.

"Ba a tambayar wannan," ta ce.

"To ni an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, ga amsata."

Ice cream ya fara gangarowa ta gwiwar hannun Rafi'u. Hajiya Maha ta karɓi ɗaya, don kada a yi asara.

Yaron ya yi barci a kan nono. Zanen goyonsa yana akwatin Hajiya, don haka Zubaidatu ta miƙe ta zari ɗaya daga manyan tawul ɗin jirgi masu zane shuɗi, ta duƙa, ta ɗora shi a baya, ta ɗaure tam a ƙirji. Wata Baturiya ta ɗaga waya za ta ɗauka, Zubaidatu ta yi mata kallo ɗaya, wayar ta koma jaka.

"Ba ni katin ɗakin Hajiya," ta ce wa mijinta. "Zan kwaso kayansa."

Rafi'u ya dubi mahaifiyarsa.

"Ba ka da izini," in ji Hajiya. "Ni na ce da yaro zan kwana a jirgin nan, kuma da yaro zan kwana. Ban bar gidana na hau ruwa don in kwana ni kaɗai kamar mayya ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Zubaidatu. "Bai kamata ku kwana ku kaɗai ba."

Ta sa hannu a aljihun rigar Rafi'u, tun da nasa hannuwan sun yi danƙo, ta zaro katunan biyu. Ta tafi da goyonta, kan yaron yana rangaji.

Ba ta daɗe ba. Da suka sauko, su uku har da Hajiya Maha wadda ta ce dama hanyarta ce, suka tarar da ƙofar ɗakin Hajiya a buɗe. An kwashe kayan yaron tas. A kan gado na biyu an jera jallabiyoyin Rafi'u a ninke, da cajar wayarsa, da buroshin haƙori, da silifas a ƙasa. An ajiye katin Hajiya a kan filo.

Rafi'u ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa, a hankali.

"Zubaida. Buɗe mu yi magana."

"Yaro na barci," ta amsa daga ciki.

"To ni ina zan kwana?"

"Hajiya na son yaro a ɗakinta. Ga nata nan na mayar mata. An daɗe da yaye shi, ba zai hana ta barci ba."

Hajiya Maha ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Hajiya Khadijatu ta daɗe tana kallon rufaffiyar ƙofar. Daga nan ta juyo ta dubi ɗanta tun daga sama har ƙasa, ƙato mai furfura a gemu, hannun riga duk ice cream.

"Shiga ka wanke hannunka," ta ce. "Kuma in ka yi mini minshari, waje za ka kwana."