Ƙullin da ke Hanjin Alhaji Yunus

Alhaji Yunus dillalin shanu ne a unguwar Umarari, kuma shi ke jan sallah a masallacin layinsu. A bazarar 1987 jini ya matsa masa wajen bayan gida. Aka sami ƙulli a hanjinsa, can ƙasa. Dokta Dzarma, likitan tiyata, bai ɓoye masa komai ba: in sankara ce, za a yanke hanjin, a huda gefen cikinsa, ya riƙa bayan gida a jaka har mutuwa.

"Da jakar zan tsaya gaban mutane?" in ji Alhaji. "Wa zai bi ni sallah?"

"Rai dai ake nema, Baba."

"To ku tabbatar kafin ku yanka. Ko saniya ba na saya sai na buɗe bakinta."

Ranar aiki da hantsi aka buɗe cikin. Ƙullin ga tauri, ga fari. Dzarma ya taɓa, ya ce sankara ce, ya sha gani. Amma ya riga ya yi wa tsohon alkawarin tabbatarwa kafin ya yanka. Ya tsinko ɗan nama ya aika wa Dokta Rebeka, likitar binciken nama, wadda ta kafa madubinta na ganin ƙwayoyin jiki a ɗakin da ke gefe. Injin daskarar da nama ya daɗe da lalacewa, sai dabarar hannu. Ta danna naman a kan gilashi, ta zuba rini, ta duƙa.

Ta leƙo ƙofa ta ce, "Giranuloma na gani." Wato ƙwayoyin jiki sun taru sun kewaye wani baƙon abu, kamar yadda suke yi wa tibi ko tsutsa.

"Madalla," in ji Dzarma. "In rufe?"

"A'a. Sankara ma takan ɓoye a bayansa. Daga sama ka tsinko. Ba ni na ciki."

"To in yanke ke nan?"

"Ban ce ba."

"Rebeka, mutum ne kwance a buɗe, ba wa'azin Lahadi muke ba. Ee ko a'a?"

"Abin da na gani na faɗa. Wanda ban gani ba, ba zan ƙirƙira don zufa ta dame ka ba."

Mutane na son mai amsa da sauri, ko da ƙarya ce. Wannan halin ya kai da yawa kabari, wasu kuma ya raba su da gaɓoɓinsu a banza. Dzarma ya yi tsaki, amma ya sa wuƙa ya ciro daga tsakiyar ƙullin, ya ƙara da na gefe.

Gilashi na farko bai nuna sabon abu ba. Na biyu rini ya yi masa yawa, ta jefar. Mai ba da maganin barci ya ɗaga murya cewa numfashin tsohon ya fara ja da baya. Rebeka ba ta ɗago ba. Ta murƙushe naman tsakanin gilasai biyu, ta bi shi lungu-lungu. A bakin gilashin ta gan shi: ƙwai, mai ƙaya a gefe, ƙwayoyin jiki sun yi masa zobe. Kusa da shi ga wani, ga wani. Tsargiya ce, irin wadda ake kwasowa a ruwan tafki. Alhaji kuwa ya yi ƙuruciyarsa yana ratsa ruwan Chadi da garke.

"Kar ka yanke," ta ce. "Ƙwan tsargiya ne, ban ga ƙwayar sankara ko ɗaya ba. Amma ragowar naman zai tafi cikakken gwaji. In ya ƙaryata ni, da bakina zan gaya wa tsohon, mu sake buɗewa."

"Kin tsaya a kai?"

"A kan wannan, na tsaya."

Dzarma ya ɗinke.

Da la'asar Alhaji Yunus ya farka. Kafin ya buɗe ido, hannunsa ya lalubi gefen cikinsa, hagu sannan dama. Fata ce lafiyayya. Matarsa Hajja Kaltum ta riƙe hannun kada ya kai ga ɗinkin.

"Sun ce da saura," in ji ta. "Sai sakamako ya fito."

"A wurina ya fito," ya ce. "Miƙo min ƙasa in yi taimama."