Taƙina da Taƙinsa

Shekara goma sha ɗaya ni kaɗai nake ƙera wa Sarjan Yabawa motocin yaƙinsa. Ni Tahiru, maƙerin gwangwani a kasuwar Gure, mai yin mazurari da liƙin buta da dalma. Sarjan tsohon soja ne, kuma tun da ya ajiye kaki ya share wani fili a inuwar dogon-yaron ƙofar gidansa, ya zuba rairayi, ya yi tuddai da kwaruruka kamar na hanyar Kelle. Duk Juma'a bayan la'asar shi da abokansa suke jera motoci a kai, a raba runduna biyu, a jefa wuri a ga wa zai matsa gaba, wa zai ɓuya a bayan tudu. Sojojinsu ƙwallon dabino ne. Motocin kuwa, ƙananan motocin ratsa rairayi da ake kira kat-kat goma sha biyu, da kamiyo, wato manyan motocin kaya, huɗu, duk aikin hannuna ne, kuma in baƙo ya tsaya kallo, Sarjan yakan nuna ni da sandarsa ya ce, "Ga injiniyanmu nan."

Wannan kalmar nake so, ba zan ɓoye ba.

Sai ɗansa da ke Yamai ya aiko masa da jakar 'yan sojojin roba, har da 'yan bindigoginsu. Sarjan ya rantse ba zai buɗe ta ba sai ranar da tsofaffin abokan aikinsa za su zo daga Damagaram. Ya ce kuma ranar yana son tankokin yaƙi shida. Na fara lissafin gwangwanin madara a zuci ke nan, sai na ji ya ce ai ya riga ya ba Husseini aikin.

Husseini wani ɗan siriri ne da ya zo daga Damagaram bara ya kafa rumfa layi biyu daga tawa. Muryarsa ba ta fita, gaisuwa har ƙasa, ga aiki kamar da allura ake yi. Na taɓa ganin wani jirgin sama da ya yi, farfelarsa tana juyawa in iska ta taso. Ranar ban ci abincin kirki ba. Kishi ne, na san sunansa, ban kuma ji kunyarsa ba.

Na je na kwashe motocina daga gidan Sarjan, na ce zan sake musu fenti saboda baƙi. Kwana biyu sai ga Husseini a bakin rumfata, ya durƙusa.

"Baba Tahiru, barka da aiki. Na zo aron kat-kat ɗaya ne in auna, don kada tankokina su fita daban da naku."

"Fenti bai bushe ba," na ce masa. "Ba sai ka gani ba. Kat-kat ɗina taƙi ɗaya ce cif. Ka yi lissafin tankarka daga nan."

"Taƙi ɗaya. To, Baba, na gode."

Ban yi ƙarya ba. Daga babban yatsana zuwa na tsakiya, in na ware su, tsawon kat-kat ɗina ke nan, haka nake aunawa tun ina saurayi. Sai dai ni hannuna kamar faifai yake, shi kuwa nasa ko rabin marfin tukunya ba zai rufe ba. Ina kallon yatsunsa lokacin da nake maganar. Na san abin da zai fito: tankar yaƙi da motar ɗaukar awaki za ta tsere wa, dattawa su yi dariya, Sarjan ya dawo gida.

Da na ba matata Hamsatu labari da yamma, ina dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

"Malam, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

"Ke dai yi tuwonki. Taƙi na ce, taƙi kuma zai samu."

Ranar ta zo. Dattawa bakwai suka sauko daga motar Damagaram, aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi. Na jera motocina a kan rairayi, sabon fenti yana ƙyalli. Husseini ya buɗe kwalinsa ya fito da tankoki shida. Wallahi sun yi kyau, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Sarƙar ƙafafunsu daga tsohuwar sarƙar keke ya yanko, bakin igwa yana juyawa, har 'yar ƙofar sama tana buɗewa. Amma da ya ajiye ta farko kusa da kat-kat ɗina, tsawonsu ɗaya, tawa ma ta fi ta tudu da kauri.

Wani dattijo mai farin gemu ya tuntsire da dariya.

"Yabawa, a wace runduna ka yi aiki? Ina ka taɓa ganin shar, tankar yaƙi guda, da kat-kat za ta goya?"

Husseini ya yi tsuru-tsuru. Ya ware yatsunsa a kan motata, ya ga ba su kai ba ko kusa, ya ɗago ya dubi hannuna. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyaran hula don kada a ga haƙorana.

Sarjan bai yi dariya ba. Mutum ne mai son komai a kan layi. Ya ce ɗaya cikin biyun ya kauce, kuma soja ne zai raba gardama, tun da don soja aka yi mota. Ya yanke bakin jakar nan da wuƙa, ya zaro ɗan soja ɗaya, tsawonsa bai kai yatsana manuni ba. Ya tsayar da shi a kan tanka, ya zura shi ta 'yar ƙofar sama. Ya shige daidai, kai da kafaɗu a waje, kamar tare aka yi su.

Sannan ya tsayar da shi a gefen kat-kat ɗina.

Da kyar hularsa ta kai mariƙin ƙofa.

"Wannan sai an sa masa tsani," in ji mai farin gemun, aka sake kwashewa da dariya.

Shekara goma sha ɗaya ƙwallon dabino yana rufa mini asiri, don ƙwallon dabino ba shi da tsawon da za a ƙure mutum da shi. Sarjan ya bi motocina ɗaya bayan ɗaya da ɗan sojan nan, kat-kat da kamiyo duka, yana girgiza kai, sannan ya sa sandarsa ya ture su gefen fili. Da tankoki shida kawai aka yi wasan ranar, uku-uku, kuma ban taɓa ganin dattawan nan sun ji daɗi haka ba.

Da aka tashi, Husseini ya matso kusa da Sarjan yana murza hannuwa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne, ban tambayi Baba da kyau ba. A bar motocinsa, ni zan sake nawa."

Gara ya zage ni. Wannan ladabin nasa ya fi mari zafi.

"Ba ka sake komai," in ji Sarjan. Ya juyo gare ni. "Tahiru, mun daɗe tare, ba zan yar da kai ba. Ka sake mini kat-kat goma sha biyu da kamiyo huɗu. Amma ba da hannunka za ka auna ba."

Washegari da hantsi na ɗauki fallen gwangwani da ƙusa, na ratsa layi biyu na kasuwa, masu rumfuna suna bina da ido. Husseini ya miƙe da sauri zai ba ni kujera, na ce ya bari. Na shimfiɗa fallen a kan maƙerarsa.

"Ɗora hannunka," na ce. "Ware yatsun."

Ya ware. Na durƙusa a gabansa, na ja layi a nan, na ja a can.