Waƙar da ba ta Anti ba

Tana cikin yi wa 'yarta Tsigi wanka, tana rera mata waƙar da take yi mata tun tana jaririya, sai yarinyar ta ɗaga hannu duk kumfa ta toshe mata baki.

"Mama, yi shiru. Ba ki iya ba. Anti ce ta iya."

Anti ita ce malamar makarantar rainon da aka sa Tsigi kwanan nan. Ita kuwa uwar tela ce, kuma kaf layinsu an san muryarta. In tana taka keke tana waƙa, mai kawo ɗinki kan manta abin da ya kawo ta. Yau ga 'yar cikinta, wadda ko ɗaura takalmi ba ta iya ba, ta ce ba ta iya ba.

"Baban Tsigi, ka ji 'yarka?"

Yana tsakar gida yana goge takalmi, dariya har da tari. "Ai sai in biya miki kuɗin makaranta, a ba ki ƙaramar kujera."

"Allah ya shirye ka."

Ta yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya mata a rai. Washegari ta bar riga rabi a ƙarƙashin allura, ta tafi ɗaukar yarinyar tun ba a tashi ba. Ta laɓe a jikin tagar ajin, tana leƙe ta tsakanin kifayen takarda da aka manna a gilashi.

Wata gajeruwar mata ce zaune a ƙasa, tana kaɗa gwangwanin madara mai tsakuwa. Muryar kuwa kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Da ma mai daɗi ce, da uwar ta haƙura. Wannan ce za ta ƙwace mata 'ya?

"Kyanwa ta sa takalmi," in ji Anti, "za ta gidan…"

Sai ta yi tsit, ta kai hannu kunne.

"Gidan kada!" wani yaro ya ƙwala.

"Likita!"

Duk abin da aka jefo, Anti ta cafe ta ci gaba da shi. Rabin waƙar yaran ne ke yi. Can sai ga Tsigi, wadda a gida sai an roƙe ta take gaida baƙo, ta miƙe tsaye, jijiyar wuya a waje.

"Gidan Anti!"

Anti ta rungume ta. Uwar ta ja baya daga tagar.

Suka kama hanyar gida, jakar yarinyar a kafaɗar uwar. Sai da suka wuce mai gyaran babur ta yi gyaran murya, ta harhaɗa abin da ya zo bakinta.

"Tsuntsu ya sauka kan katanga, ya ce a ɗinka masa…"

Ta haɗiye sauran. Harshenta har ƙaiƙayi yake, don ita ba ta saba barin waƙa da rami ba. Tsigi ta ɗago ta dube ta.

"Wando!"

"Wandon ya yi masa yawa, ya ba wa…"

"Baba!"

Haka suka yi ta yi, yarinyar na tsalle tana jan hannunta, har mai shagon kwanar layinsu ya leƙo ya ga ko lafiya. Kafin su kai ƙofa tsuntsu ya samu hula da safa, zuciyar uwar ta yi sanyi.

"Mama, gobe zan koya wa Anti."

Uwar ta tsaya cak, makulli a hannu. Ta durƙusa daidai fuskar yarinyar.

"A'a. Wannan tamu ce, ni da ke. Kin ji ko?"

Tsigi ta turo baki. "Anti ta ce rowa ba kyau."

"To ki ce mata uwarki marowaciya ce."