Ƙasar Sawun Haulatu

Haulatu ta sake zazzage jakarta a kan tabarma. Kaki, gidan sauro, maganin zazzaɓi, hijabi. Ta san ba abin da ta manta. Hannunta ne kawai ke neman abin yi.

Ita kaɗai za ta tafi. Ba bataliya, ba ƙawayen bariki. Wata nas ce ta kwanta ciwo a asibitin sojojin kiyaye zaman lafiya a Sudan ta Kudu, aka ce Kofur Haulatu ta je ta karɓi aikinta, shekara guda. Aka ba ta hutu ta zo Sule Tankarkar ta yi sallama, yau kuma hutun ya ƙare.

Gwaggo Tayyiba, ƙanwar babanta, ta leƙo da ƙullin leda.

"Ungo, kuka ce da daddawa. Mutanen can ba su san miya ba."

"Gwaggo, wa ya faɗa miki?"

"Sai an faɗa? Ban gansu a talabijin ba? Tsawo kamar turken wuta, ba tsoka ko kaɗan."

Haulatu ta yi dariya, amma idonta na kan ɗakin Inna, wanda ke rufe tun rasuwarta bara. Duk tafiyar da ta taɓa yi, daga Zariya har Maiduguri, Inna kan raka ta ƙofar gida, ta jira ta sha kwana, sannan ta duƙa ta ɗebi ƙasar sawunta na dama. Sai ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin randa, wai ƙasar ce za ta jawo mai ita gida. Baba kuwa kullum faɗa yake: camfi ne, Allah ke dawo da matafiyi. Ita ma Haulatu ta san haka. Amma ba ta taɓa fita ba a ɗiba ba, kuma ba ta taɓa zuwa wuri mai nisa irin wannan ba.

Ta yi ƙasa da murya. "Gwaggo, abin nan da Inna take yi in zan tafi..."

"Ke, rufa mini asiri! Yaya Malam ya ganni tsugune a ƙofar gidansa? Ai sai ya yi mini wa'azi har la'asar."

Haulatu ta mai da kayan jaka.

Malam Ishaƙ na zaune a zaure kan buzunsa. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Kakin ma bai taɓa cewa komai a kansa ba, yabo ko faɗa. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, zan tafi. A yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Can ɗin ana samun ruwan alwala?"

"Ana samu."

"To. A riƙe salla."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, suka shafa. Ta ɗan jira ko akwai saura. Babu.

A tasha, motar Gumel ba ta cika ba. Ta zauna jikin taga, jakar a cinyarta. Fasinjoji na satar kallon takalmanta, ba wanda ya yi mata magana. Sai ta tuna ƙullin Gwaggo na can kan tabarma. Ta ce wa direba ya jira ta.

Tana shan kwanar layinsu ta tsaya cak.

Baba ne tsugune a ƙofar gida, da hularsa a hannu. Garken awaki ya bi ta wurin ya tattake komai. Ya ɗebi ƙasa nan, ya duba, ya zubar. Ya matsa gaba da gwiwarsa mai ciwo, yana laluben ƙasa da yatsa, yana waiwaye kada wani ya gani.

Ta ja da baya ta laɓe jikin katanga, har numfashinta ya daidaita. Sannan ta yi gyaran murya, ta taho tana buga takalmi.

Ta same shi tsaye, hula a kai.

"Carbina ne ya tsinke," ya ce.

Carbin na naɗe a hannunsa, lafiya lau.

"Kuka na manta, Baba."

Ta shiga ta ɗauko. Da ta fito, sai ta tsaya daidai bakin ƙofa inda yashi ke da laushi.

"Tsakuwa ta shige mini takalmi."

Ta kwance na dama, ta zare safa, ta dasa ƙafarta a yashin, ta danna sosai har yatsunta suka nutse. Malam Ishaƙ na kallon bishiyar darbejiya kamar yau ya fara ganinta.

Tana ɗaure igiya, kanta a sunkuye, ta ce, "Ƙarƙashin randa Inna take sawa."



"Mota za ta tafi ta bar ki," ya ce.

Ta ɗauki ƙullinta ta tafi, ba ta waiwaya ba. Har motar ta kama hanyar Gumel tana jin yashi a tsakanin yatsunta, cikin safa. Ba ta cire ta kakkaɓe ba.