Ƙarfen Dalma a Cikin Tukunya

Likitar ta kashe 'yar fitilarta, ta janye kujera baya, sannan ta dubi Gwaggo maimakon mijinta Malam da ke zaune gaban na'urar. Gwaggo ta san irin wannan duban.

"Idon daman ma ya bi na hagun, Baba. Hawan jinin ido haka yake. Abin da ya tafi ba ya dawowa."

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji Malam, yana laluben hularsa a kan gwiwa.

Gwaggo ta matso. "Likita, aikin nan ne ya jawo, ko? Wayoyi sirara kamar gashi, ga hayaƙin dalma yana shigar masa ido."

"Wane aiki?"

"Mutum-mutumi nake haɗawa," in ji Malam. "Ɗan ƙarami, mai taya biyu. Baƙin layi zai riƙa bi a ƙasa."

"Ko kusa, Mama. Da ya yi da bai yi ba, duk ɗaya ne. Ai da ya yi ta abinsa tun yana gani."

A cikin bas Gwaggo ta yi ta juya maganar likitar. Tun da Malam ya bar aikin gidan waya bai sami abin da ya shiga ransa ba sai kwalin da 'yarsu ta aiko masa: tayoyi, batir, ɗan allo kore, da ƙarfen narka dalma. Gwaggo ta sa wa abin suna Kunkuru, Malam kuma Injiniya. Da idon hagu ya mutu, sai kowa ya zama likita. Yayarsa, maƙwabciya, har mai kawo musu ruwa, duk bakinsu ɗaya: a hutar da ɗayan, sai ka ce ido jaki ne. Ita da ba ta ɗaukar maganar mutane ko a kan farashin gishiri, wannan karon ta ɗauka. Ta ɓoye ƙarfen. Ya neme shi sau ɗaya, bai sake ba. Sauran ganin da ya rage masa a kan bangon falo ya ƙare, da kalandar wani kamfanin siminti.

A gida ta zaunar da shi gaban teburinsa. Ƙura ta rufe komai. Layin baƙin salatif da ya liƙa a daɓe yana nan, gefensa ya fara ɗagowa.

"Ɗora Kunkuru a kan layin, ranki ya daɗe. Akwai ɗan maɓalli a bayansa. Ban taɓa kunna shi ba."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta danna. Kunkuru ya yi ƙugi, ya kama juyi wuri ɗaya.

Malam ya karkata kunne. "Yana tafiya?"

Da ta ce i, da shi ke nan. Ta dubi fuskarsa, ta dubi abin.

"Juyi yake kamar wanda aka sace wa takalmi."

Ya yi dariya har da tari. "Na sani! Wayoyin tayar hagu na juya, ja a wurin baƙi. Taya ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Kamar ni da ke."

"Ka ji da shi."

"Aikin ba yawa. A narka, a musanya, a liƙe." Ya shafa teburin da tafin hannu, ya tsaya a inda ƙarfen ke zama. "Ɗauko shi mana. Yana cikin babbar tukunyar nan ta saman kabad, wadda ba kya girki da ita."

Gwaggo ta kashe Kunkuru.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar. Murfin ya ƙi zama daidai."

"To me ya hana ka ɗauka, don Allah? Hannunka ya fi nawa kaiwa can. Kai da ba ka jin maganata a kan komai!"

Ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Cewa kika yi in na bari idon zai tsaya. Ni ma na so ya zama gaskiya."

Ta tashi, ta jawo kujera ta hau, abin da 'yarsu ta hana ta. Ta sauko da ƙarfen, ta warware igiyarsa, ta jona shi a wutar lantarki. Sannan ta saka tabaraunta ta zauna kusa da shi.

"Ta ina ake riƙewa?"

"Ta inda ba zafi, Injiniya," in ji shi. "Jira tukuna. Yana ɗaukar lokaci."