Ƙafafun Sjoukje

Hoton da aka rataye a bangon gidan shan kofi na ƙauyen ba shi da kai. Ƙafafu biyu ne dogaye a cikin ruwa, da ɗan gefen cikin tsuntsu daga sama, shi ke nan. Rinske Algra ce ta ɗauke shi a ƙarshen watan Maris, a fadamar da ke bayan tsohuwar gonarsu kusa da Warkum, da kyamarar da ba ta daɗe da saya ba. Shekarunta saba'in da ɗoriya, kuma kafin nan ba ta taɓa ɗaukar hoton komai ba sai jikokinta, shi ma da waya.

Tsuntsun da suke kira skries ne, mai dogon baki da jan wuya, wanda ke dawowa makiyayar shanu idan sanyi ya fara ja da baya. Masu bincike na jami'a sukan sa wa wasu daga cikinsu zobban roba masu launi, biyu a kowace ƙafa, kowane tsuntsu da nasa jerin. Mutanen karkara ne ke bin gefen fadama da madubin hangen nesa suna karanta launukan, su aika wa jami'a. Rinske ta fi shekara goma tana karanta na wata mace da ta raɗa wa suna Sjoukje: ja da shuɗi a hagu, kore da rawaya a dama. Kowace shekara Sjoukje na yin sheƙa a kusurwa ɗaya, kusa da ƙofar shanu. A ƙa'idar da ke tsakanin Rinske da maƙwabcinta Murk, tsohon makiyayi kamarta, duk wanda ya riga karanta zobban, ɗayan zai sayo masa kek mai ruwan hoda daga gidan burodi.

Bara idonta ya ci amanarta. Ta leƙa madubin ta ga launuka sun cakuɗe, Murk ya karanta ya ci kek ɗinta, ya kuma yi wata guda yana ba da labari. Bana Sjoukje ta tsufa, kuma tsofaffin tsuntsaye ba duka ke dawowa ba. Rinske ta ce ba za ta ji labarin a bakin Murk ba. Tana son ta gani da idonta.

Mijinta Tjalling ne ya tuƙa ta zuwa Snits, shagon wata mai sayar da kyamara da ake kira Hiske.

"Me Beppe za ta ɗauka?" in ji Hiske. Beppe ita ce kaka a bakinsu, kuma gashin Rinske ya isa a kira ta haka.

"Tsuntsaye."

Iyakar bayanin da ta yi ke nan. A yankin ba a yi wa mai shago dogon jawabi.

Hiske ta fara ɗora mata wata babbar kyamara mai gilashi kamar bututun murhu. Rinske ta ɗaga ta zuwa ido, nauyinta ya ja mata hannu ƙasa.

"Wannan sai da amalanke," in ji Tjalling.

"Amalanken kai ne, tsoho. Rufe mana baki."

Ta biyu ba ta da nauyi, amma da Rinske ta auna ta kan hankakan da ke saman rufin coci, ɗigo kawai ta gani. Ta uku ce ta zauna mata a hannu, mai matsakaicin jiki da gilashin da ake ja ya tsawaita, maɓallanta manya yadda mai safar hannu zai iya dannawa. Hankakan ya cika idonta har tana ganin iska na ɗaga masa gashin wuya. Ta daɗe ba ta sauke ba.

"Ita," ta ce.

Hiske ta zauna ta saita mata komai. Ta ƙara saurin ɗauka don kada motsin fiffike ya ɓata hoto. Ta kashe ƙarar kyamarar gaba ɗaya. Ta sa idan aka danne maɓallin, hotuna su riƙa zubowa a jere. Daga ƙarshe ta kunna abin da ta fi alfahari da shi.

"Wannan kyamarar ta san tsuntsu. Da ta gan shi za ta nemo idonsa ta maƙale a kai, duk inda ya juya. Beppe ba sai ta yi komai ba. In ido ya fito, hoto ya fito."

Rinske ta gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da ta hankali.

Tsuntsayen suka sauka a mako na biyu na watan Maris, garke guda, suna ta kukansu mai kama da kiran sunansu kamar yadda suka saba. Rinske ta kafa kujerarta a kan gaɓar fadama da filas ɗin kofi, Tjalling na riƙe da lema ko da ba ruwa. Ta hango wata mai zobba a tsakiyar garken. Ta danne maɓallin har yatsanta ya ƙage.

A gida suka buɗe hotunan a kwamfuta. Tjalling ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kai, dubi wannan. Har gajimare ake gani a cikin idonta."

Gaskiya ne. A ƙwayar idon tsuntsuwar akwai sararin sama da layin gaɓa, da wani ɗan ɗigo da Tjalling ya rantse lemarsa ce. Rinske ta yi shekaru tana kallon waɗannan tsuntsaye, ba ta taɓa sanin akwai farin layi siriri a saman idonsu mai kyau haka ba. Sai ta ja hoton ƙasa. Ƙafafun sun yi dishi-dishi a bayan ciyawa, zobban kamar an shafa fenti da yatsa. Ta duba na gaba, da na gaba. Idanu ne tar a kowane hoto, ƙafa ko ɗaya ba ta karantuwa.

Kashegari Murk ya tsaya da kekensa ya leƙa fuskar kyamarar.

"Maƙwabciya, likitan ido kika koma? Tsuntsuwar nan lafiyar idonta ƙalau, na shaida. Sai dai ba a ido ake sa zobe ba."

"Kai me ka karanta?"

"Ciyawa ta yi tsayi," ya ce, ya hau kekensa.

Rinske ta buga wa shagon waya. Ta ce kyamarar na da taurin kai, ba ta kallon inda aka ce ta kalla.

"Ina Beppe ke so ta kalla?"

"Ƙafa mana."

Dariya ta ƙwace wa Hiske.

"Ashe Beppe cikin masu karanta zobba take. Ai da an faɗa mini. Kowa ido yake nema, ku kaɗai ne a ƙasar nan ke sayen kyamara don ƙafa."

"Ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba. Ranar Lahadi ina zuwa, a dafa kofi."

Ta zo da takalman ruwa na aro da suka yi mata yawa. A kan gaɓar ta kashe abin neman idon. Ta bar ɗan murabba'i guda ƙarami a tsakiyar fuskar kyamara, inda Rinske ta ɗora shi nan kyamara za ta kama. Ta ɗan tsuke ƙofar haske don ƙafar gaba da ta baya su fito tare. Ta kuma rage hasken kaɗan, ta ce rana kan ruwa na cinye launi mara ƙarfi, rawaya ta koma fara. Sannan ta sa Tjalling ya shimfiɗa buhu a ƙasa.

"Daga sama ciyawa za ta rufe. Sai Beppe ta kwanta."

"Kwanciyar ba wuya," in ji Tjalling. "Tashin ne za mu kira mota mai ƙugiya."

Rinske ta kwanta rub da ciki, ta dogara gilashin a kan jakar Hiske. Murk ya iso ya kafa madubinsa a gefe, yana cewa shi wucewa kawai yake yi. Suka jira. Kofi ya huce. Can garken ya matso bakin ruwa, mai zobban ta fito daga ciyawa ta shiga inda ruwan bai da zurfi, tana caka baki a laka. Rinske ta sauke ɗan murabba'in daga kan tsuntsuwar, ta bi wuya, ta bi ciki, ta tsaya a gwiwa. Ta danna.

Su huɗu suka haɗa kai a kan ƙaramar fuskar kyamarar, Hiske na ƙara girman hoton. Ja da shuɗi a hagu, tsaf, har ana ganin tsagar robar. Kore a dama. Rinske ta ji Tjalling ya dafa kafaɗarta.

Zobe na huɗu, na ƙasa, rabinsa laka ce. Sauran rabin ya koɗe.

"Rawaya," in ji Rinske.

"Fari ne," in ji Murk. "Akwai mai kore da fari da aka sa wa zobe can wajen Koudum. Na taɓa karanta ta."

"Farin da ya sha rana ba ya yin haka. Rawaya ce ta tsufa."

"Kamar mu," in ji Tjalling.

Hiske ta ce ita kyamara take sayarwa, ba ta raba gardama. Aka ɗaga Rinske tsaye, mutum biyu, gabanta duk laka, tana dariyar da Tjalling ya ce rabonsa da ji tun kafin su sayar da shanu.

A ranar ta aika wa jami'a hoton. Ranar Litinin Murk ya shigo gidan shan kofi da kwalin kek, ya ce ba wai ya yarda ba ne, yunwa yake ji. Ya tarar Rinske ta riga shi da nata kwalin, ta ce ita ma ba ta yarda ba, amma ba ta son a ce ta ci bashin kek. Duk wanda ya shigo ranar ya samu yanka biyu. Mai gidan kofin ya nemi a wanke masa hoton mai gajimare a ido. Rinske ta ce na ƙafafun za a rataye ko a bari, aka rataye na ƙafafun.

Tun daga nan kullum da safe tana kan buhunta. Ta koyi mayar da abin neman idon da kanta idan ta ga dama, ta kuma tara hotunan idanu da ba ta nuna wa Murk. Tsuntsuwar ta bar garken a farkon Afrilu, ta koma kusurwar da ke kusa da ƙofar shanu tare da wani namiji mara zobe. Rinske ta ce wannan ya isa shaida. Murk ya ce kusurwa mai kyau kowa na so.

Jami'a ba ta amsa ba tukuna. Ruwan saman da aka yi ya isa ya wanke lakar zoben, amma a duk hotunan wannan makon tsuntsuwar a kan ƙafar hagu take tsaye, ta dama na naɗe cikin gashin cikinta.